Ranar da Amarya Ta Sayi Bakin Surukarta

Ni na fara shiga binciken nan, ni kuma na ja Yayata ciki. Ina faɗa tun da farko don kada wani ya ce ma'aikatan likita ne suka lallashe mu. Wata safiya ina aji a lekol, makarantarmu ta Boukoki a nan Yamai, direkta ya aiko cewa malamai mata su tsaya bayan an tashi, akwai baƙi. Mata biyu ne da fararen riguna. Suka ce ana neman matan da za su yarda a riƙa bin lafiyarsu shekara da shekaru saboda ciwon daji na mama. Ba don an ga muna da ciwo ba, ba kuma magani za a raba ba. Sau ɗaya a shekara za a kira mu, a auna mu, a ɗebi jini, a duba mama, a yi mana tambayoyi, har mu tsufa a hannunsu, ko Allah zai sa a gane abin da ke sa ciwon ya kama wata ya bar wata. Kafin su rufe baki na ɗaga hannu kamar ɗalibar bencin gaba.

Ina da dalilina. Mahaifiyarmu ta rasu a ƙauyenmu na ƙasar Maradi ina makarantar horon malamai. Ciwon ya fara mata a mama na hagu, sai ta ɗaure zani a ƙirji, ta ɗora riga a kai, ta yi shiru. Ana gaishe ta tana cewa lahiya lau, tana daka, tana zuwa rijiya. Ba a sani ba sai da wari ya fara fita daga ɗakinta, lokacin kuwa har mai maganin da ya zo da sassaƙensa ya san aikin banza yake yi. Yaya ce ta yi jinyarta, ita ke wanke gyambon safe da yamma. Ni na zo hutu na tarar da abin da na tarar. Na yi kukan rashin uwata, na kuma yi fushi da ita saboda shirun nan, kuma har yau fushin bai gama fita ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, balle na uwar da ta haife ka.

Yaya tela ce, tana da ƙaramin shago a Kalley, bayan babbar kasuwa. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu ya bar ta da ƴaƴa uku, ta riƙe su da keken ɗinki. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma da Allah ya zo rabo ita ya ba ta kunya, ni ya ba ni baki. Ɗanta na fari ya girma, ya yi gemu, ya buɗe wurin gyaran firji, amma ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ta kama dole sai ta ce “yaron nan”, tana kallon ƙasa.

Da na kai mata maganar binciken, ta ce ita ta ji a kasuwa wai jinin matan ake tarawa a sayar wa Turawa. Na ce mata jinin malamar lekol da telar Kalley, da ba su san komai ba sai dambu da kopto, kwaɗon zogalen nan, wane Bature zai ɓata kuɗinsa a kai? Ta yi dariya, ta ci gaba da yankan yadinta. Sai da na ambaci Inna, mahaifiyarmu, sannan ta ajiye almakashi. Sharaɗi guda ta kafa, cewa namiji ba zai taɓa jikinta ba. Na je na tambaya, aka ce mace ce ke duba mata, magana ta ƙare.

Haka muka shiga. Duk shekara in lokacin randebu, wato ranar awo, ya zo, a buga mini salula, in bi ta Kalley in ɗauke ta a taksi. Akwai dogon benci a ƙarƙashin bishiyar bedi, wato dogon yaro, inda muke jiran kira, mu da matan Gamkalley masu kawo salati kasuwa, da matan ma'aikata, Hausa da Zabarmanci suna ta haɗuwa suna rabuwa. Tun muna baƙin juna har muka san wadda ta aurar da ɗiya da wadda mijinta ya yi ritaya. Ina son ranar nan. Ina jin kaina a cikin wani aiki da ya fi ni tsawon rai, kuma in an tsira mini allura ba na ko runtse ido. Tambayoyinsu kuwa ba sa ƙarewa: da itace kike girki ko da gas, wata nawa kike shayarwa, nama fa, sau nawa yake shiga tukunya. Na taɓa gaya musu cewa wannan ta ƙarshe direkta ya kamata su tambaya.

Mai duba mu wata yarinya ce ungozoma, iyayenta mutanen Tahoua, ita kuma haifaffiyar Yamai. Siririya, ba ta da hayaniya, kuma takan murza tafin hannunta ya yi ɗumi kafin ta taɓa mutum. A zuwanmu na farko ina bayan labule ina jiran layina, na ji ta tambayi Yaya ƴaƴa nawa ta haifa. Yaya ta ce biyu. Na buɗe baki zan gyara, sai na ji yarinyar ta sassauta murya ta ce, “Ban da babban ke nan, ko?” Yaya ta dubi ƙasa, yarinyar ta rubuta uku. Babu wanda ya koya mata wannan a makaranta, daga gida ta zo da shi. Tun daga ranar ta shiga raina.

Ni kuwa in abu ya shiga raina ba na barinsa a titi. Shekaru suna tafiya ina lura da ita, ina lura da ɗan Yaya da ke zaune ba mata, yana cin abincin gidana kamar ya ajiye. Wata rana na ce firjin ɗakin ajiyar jininsu ai yana ƙara, ina da mai gyara. Firjin lafiyarsa lau, amma yaron ya je. Sauran ba aikina ba ne. Ba a jima ba aka kai goro, aka sa rana, kuma duk wanda ya zo bikin ya san wadda ta ƙulla shi, don ban bar kowa cikin duhu ba.

An yi biki yadda ake yi a gida. Aka kawo amarya lulluɓe, ta ƙi magana, abokan ango suka zo sayen baki, ƙawayenta suna ja suna ƙari, ni ina tsakiya ina zuga kowane ɓangare. Kashegari aka kai ta gaban Yaya buɗar kai. Yaya ta ba ta wata shadda ruwan toka da ta ɗinka da hannunta, ba ta bari na'ura ta taɓa wuyan ba. Suka tare a Gamkalley, kusa da lambunan bakin kogi.

Daga ranar kunya ta sauka tsakaninsu. In amarya ta zo gaisuwa, a bakin ƙofa take durƙusawa, Yaya ta juya fuska ta amsa wa bango. Ba sa cin abinci a gaban juna, ba sa haɗa ido. Mutane suna yabawa, ni ma ina yabawa, ina cewa ga surukai irin na da. Ni dai tun farko na raba gari da wannan. Na gaya wa yarinyar cewa a waje ni Tanti ce, a ɗakin awo kuwa Madam ce kamar kullum, ta yi aikinta.

Da randebu ya zagayo na bi ta Kalley, Yaya ta ce ɗinkin salla ya yi mata yawa, za ta je daga baya. Na yarda, don na ga tulin atamfofi da idona. Shekara ta sake zagayowa ta ce za ta gaisuwar mutuwa. A ɗakin awo na tambayi amarya ko surukarta ta zo a bayana. Ta ce, “Tanti, ba ni da izinin faɗin wadda ta zo da wadda ba ta zo ba.” Na ji haushi, har na ce mata ni na kawo ta gidan nan, amma ta tsaya a kan bakanta tana murza hannu. Da na fito na huce, na ga ai amanar da nake so a riƙe mini ita ce ta riƙe wa wata. Amma idonta ya ciko lokacin da take maganar, kuma na gani.

Abin ya fito fili ne cikin bazara, ana tsakiyar zafin nan na Yamai da ko ƙadangare ke neman inuwa. Na kai wa Yaya yadi ta auna ni. Ta ɗauko ma'auni, ta zo kafaɗata, sai ta ce in ɗan durƙusa. Shekara nawa tana auna ni ban taɓa durƙusa mata ba, tsawonmu ɗaya. Na duba, hannunta na dama ba ya ɗaguwa sama. Na sake dubawa, a ƙarƙashin rigarta akwai zani ɗaure a ƙirji, cikin wannan zafin. Na san ɗaurin nan. Na tambaye ta me ke damunta, ta ce lahiya lau.

Na tura ƙofar shagon na rufe. Ban san duk abin da na faɗa ba, amma maƙwabcinta mai sayar da zare ya gaya mini daga baya cewa ya ɗauka ɓarawo aka kama. Na ce mata ita da ta wanke gyambon Inna da hannunta, ita ce yau za ta ce mini lahiya lau? Ta bar ni na gama, sannan ta ce a hankali, “Kina so in kwance zani gaban matar ɗana? Gara in tahi da mutuncina.”

Na ce to a bar yarinyar, mu je wata likita, a nemo wata mace. Ta ce duk inda ta je a garin nan abokan aikin yarinyar ne, gobe za a nuna yarinyar a ce ga wadda aka ga tsiraicin surukarta. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ɗauki yadina ta ninke ta miƙo mini. Na san Yayata, kunyar gaskiya ce, ba ta ƙirƙira ba. Amma na san akwai tsoro a ƙarƙashinta, don ita ta ga ƙarshen ciwon nan kusa da kusa, ni labarin rabinsa na tarar. Kunyar ta samu ne ta lulluɓe tsoron da ita, kuma muddin ba a ɗage ta ba, zan binne Yaya kamar yadda aka binne Inna.

Daga nan Gamkalley na nufa. Na tarar da amarya a tsakar gida tana wanke salatin da maƙwabta suka ba ta. Na zayyana mata komai, na kuma kawo shawarata: a gaya wa mijinta, a kawo mota, a ɗauki Yaya ko tana so ko ba ta so. Ta fitar da hannunta daga cikin ruwa. Sannan ta ce in aka yi haka za a kai jikin Yaya gidan likita, amma ba za ta sake komawa ba, ciwon nan kuwa ba na zuwa ɗaya ba ne. Ta roƙe ni kada in gaya wa mijin tukuna. “Tanti,” in ji ta, “ranar da aka kawo ni, sai da aka sayi bakina na yi magana. To ni ma zan je in sayi nata.”

Na yi dariya duk da halin da nake ciki. Na yi shekaru ina zuwa biki daga Maradi har Yamai, ban taɓa jin inda amarya ta sayi bakin uwar miji ba. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na haɗa auren, don haka na ce ni ce ƴar rakiya.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka je gidan Yaya. Yarinyar ba ta sa farar rigar aiki ba. Shaddar nan ruwan toka ta sa, ta lulluɓe kai kamar ranar da aka kawo ta, ta ɗauko faifai da goro da dabino da kwalbar turare. Ta durƙusa a bakin ƙofa inda ta saba, Yaya ta juya wa bango fuska yadda ta saba. Ta tura faifan ciki ta ce ta zo sayen baki.

Ni kuma na kama aikina. Na ce wane irin raini ne wannan, bakin Yayata guda, telar da matan manya ke layi a shagonta, za a saya da ɗan goron nan? A ƙaro. Na ɗaga turaren na shinshina na ce na tasha ne. Ina yi ina kallon bayan Yaya, na ga kafaɗarta tana rawa, ban sani ba ko dariya ce ko kuka. Amma ba ta juyo ba, ba ta kuma ce uffan ba. Wasan nawa ya ƙare.

Sai yarinyar ta ce tana da ƙari. Ta ce, “Inna, tun kafin ku ba ni ɗanku kuka ba ni amanar jikinku, kuma ban maido muku ita ba. Na san nauyin da kuke ji. To bari in fara ajiye nawa. Ina da ciki, Inna. Ba ni da uwa a kusa, ku nake so ku yi wa abin da zan haifa wanka.”

Wanda bai tashi cikinmu ba ba zai san girman wannan magana ba. Cikin fari ko uwar da ta haife ki ba kya gaya wa da baki, sai dai a gani. Balle uwar miji, ido na ganin ido. Ni da ake cewa ba ni da kunya sai da na sunkuyar da kai. Yarinyar ta tuɓe tata kunyar ta ajiye a kan faifan nan tare da goro, ta koma tana jira.

Yaya ba ta juyo ba. Hannunta na hagu ta miƙo ta baya, tana lalube. Yarinyar ta matso da gwiwa. Yaya ta kama wuyan hannunta, ta sassauta ɗaurin zanin, ta kai hannun ƙarƙashin rigarta ta ɗora a wurin. Fuskarta na bango ta ce, “Tun damina.”

Na ga fuskar amarya ta koma ta ma'aikaciya. Ta duba a natse, ba ta yi mata ƙarya ba. Ta ce akwai abu, hannu kuma ba ya iya faɗin ko mene ne, sai an yi hoto an ɗebi kaɗan an auna. Ta ce ƙa'idar aikinsu ba ta yarda ta riƙe jinyar ƴan gidansu ba, za ta miƙa ta ga shugabarta, wata dattijuwa Bazabarma, amma duk inda za a shiga tana bakin ƙofa. Ni na tattara goron na raba wa maƙwabta, na ce an yi ciniki.

Ciwon ne. Ba zan yi wa kowa daɗin baki ba, mun sha wuya. Likitan da ya yi aikin namiji ne, Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska ta bar shi ya yi. Aka cire maman dama. Aka shiga ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, ta rame, abinci ya ƙi zama. Ɗanta yakan zo ya tsaya a bayan taga yana kuka, don ta hana shi shiga, ita kuma ta ce mini in gaya wa yaron nan ya tafi wurin aikinsa. Matan bencin bedi suka riƙa zuwa da kunu da fura. Likitoci sun ce an zo a makare, amma ba a makara irin ta Inna ba. Amarya, da cikinta ya fito, ita ke sauya mata bandeji a gida, Yaya tana kallon bango, suna hirar tsadar tumatir.

Da aka haihu, mace, Yaya ce ta yi mata wanka. Hannun dama bai gama saki ba, sai ta ɗora jaririyar a kan ƙafafunta, ni ina zuba ruwa tana yi mini faɗa wai ban iya ba. Ta koma shagonta. Ta ɗinka wa kanta wani ɗan matashi na auduga da take sawa a gurbin da aka cire, ya zauna daidai, har matan da aka yi wa irin aikinta suka fara aiko mata. Ba ta fita daga binciken ba. Yanzu ma sun fi son ganinta, kuma ita ke buga mini salula ta ce lokaci ya yi, kada in makara.

A zuwanmu na bana sabuwar ma'aikaciya muka tarar a wurin tambayoyi, surukar Yaya tana ɗakin gaba tana duba wasu. Ina bayan labule kamar kullum, na ji an tambayi Yaya ƴaƴa nawa gare ta. Na gyara zama zan yi gyaran da na saba, sai na ji ta ce uku. A taksi na kasa haƙuri, na ce ashe yau yaron nan ya shiga lissafi. Ta harare ni, ta gyara mayafinta.

“Wa ya ce da shi?” in ji ta. “Ɗiyata da ke ɗakin gaba na sa.”